Waƙar da Odang Ya Naɗa a Cikin Tsuntsu

Duk wanda ya taɓa zama shan kofi a bakin lungunmu, nan bayan layin dogo a Bandung, ya ji labarin kaset ɗin Odang, ko yana so ko ba ya so. Yana ɗan shekara goma sha ɗaya, in ji shi, yana share bas ɗin hayar kawunsa, sai ya tsinci wani kaset a ƙarƙashin kujera, ba suna ba hoto. Ya kai gida ya sa a rediyon mahaifiyarsa. Sandar ganga ta ƙwanƙwasa sau huɗu, jita ta yi kururuwa, wani mutum ya kama ihu kamar mota ta taka masa yatsa. Mahaifiyar ta fito daga kicin da ludayi a hannu tana salati, wai rediyo ya ƙone. Shi kuwa Odang ya ce a ranar aka haife shi. Sai daga baya ya ji cewa abin yana da suna, wai kiɗan pank.

Zuwa nan labarin gaskiya ne, akwai shaidu. Abin da ke biyo baya shi ne mai buƙatar gyara. Odang kan ce ya kafa ƙungiyar da ta girgiza Bandung. Ƙungiyar mutum biyu ce, shi da Entis mai tura amalanken bakso, miyar dunƙulen nama, kuma sau uku kacal ta hau dandali, a na ukun aka zare musu waya. Yakan ce shi injiniyan sauti ne da ya koya wa kansa aiki. Abin da ya koya wa kansa shi ne jera rediyo biyu fuska da fuska, ɗaya na kiɗa ɗaya na naɗa. Daga baya ya sami tsohuwar kwamfuta da makirfo guda da ya sa wa baƙar safa. Yau shekararsa arba'in da biyu, sana'arsa buga zane a riguna. Gashin tsakiyar kansa ya fara sallama, amma kullum sai ya tayar da abin da ya rage da gam ɗin katako, ya tsaya ƙiƙam kamar zankon zakara. Shekara ashirin da biyar ke nan yana yi wa duniya alkawarin faifai guda, waƙa goma sha huɗu cikin minti goma sha tara.

"Wuri kawai na rasa," yakan ce, yana kaɗa cokali a kofi. "A ba ni bango huɗu da ƙofa, ku ga yadda 'yan Jakarta, babban birni, za su yi layi suna roƙon in koya musu."

Bango huɗun da yake nufi kowa ya san su. A gidan surukinsa yake zaune da matarsa Ipah, kuma a bayan gidan akwai wani ɗaki, taku biyar a tsaye huɗu a kwance, inda surukin, Abah Sukanda, ke jibge tsofaffin keji. Abah tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, shekara talatin da ɗaya bai taɓa ɗaga tuta a makare ba. Sau tara Odang ya roƙi ɗakin. Sau tara Abah ya ce a'a ba tare da ya ɗago kai ba, domin idonsa na kan Guntur.

Guntur tsuntsu ne, murai, baƙi mai jan ƙirji da doguwar wutsiya. Shekara uku Abah yana renonsa: wanka da hantsi, shan rana minti arba'in, gyare biyar da safe biyar da yamma, ƙwan tururuwa ranar Laraba da Asabar. Sau biyu ya zo na huɗu a gasar waƙar tsuntsaye ta gunduma, kuma Abah ya rantse bana sai ya ga tutar nasara a ƙarƙashin kejinsa.

Saura wata uku gasar, abu biyu suka faɗo rana ɗaya. Guntur ya fara zubar da gashi, sannan aka bugo waya daga garin Tasikmalaya cewa yayar Abah ta zame a banɗaki ta karye a ƙugu, kuma ba ta da mai jinya sai shi.

Abah ya zauna gaban keji ya dafe kai. Duk mai tsuntsu ya san nauyin waɗannan makonni. Murai in yana zubar da gashi ba ya waƙa, sauraro yake yi. Abin da aka yi ta maimaita masa a kunne, shi zai fito da shi ranar da sabon gashi ya cika.

"Wa zai yi masa darasi?" Abah ya ce, kamar da kansa yake magana. "Na so ya ɗauki muryar tsuntsun Haji Sobur, wanda ya ci kofin gasa uku. Abin da na naɗo a wayata kuwa rabinsa ƙarar babur ce."

Odang, wanda ya daɗe yana goge takalmi ɗaya a bakin ƙofa, ya faɗo ciki.

"Abah, da injiniyan sauti a gidanka kake kuka da waya? Ni zan je in naɗo tsuntsun Haji tas, har numfashinsa, in jera wa Guntur a ka layi-layi. Wallahi ranar da ya buɗe baki sai alƙalai sun nemi kujera."

"Kai ɗin?"

"Ni ɗin. Ɗaki kawai aikin ke buƙata, don yana son shiru."

Ipah ta leƙo daga kicin. "Abah, ka tuna fankar da ya gyara."

"Fankar tana juyawa!" in ji Odang.

"Baya take juyawa, Kang," in ji Ipah, don haka take kiran mijinta.

Amma bas ɗin Tasikmalaya ba ya jira. Abah ya ciro makulli daga aljihu, ya riƙe shi a sama bai saki ba.

"Ji nan da kyau, Dang. Aro ne. In Guntur ya ci tuta, ko ta na uku ce, ɗakin ya zama naka har abada. In bai ci ba, ka kwashe tarkacenka, kuma kada in ƙara jin kalmar ɗaki a bakinka. Sautin darasi ya zama kamar raɗa. A bar shi a lulluɓe. Kada ya ji talabijin, kada ya ji injin markaɗe, kada ya ji..." Ya ɗaga ido ya dubi zankon. "Kada ya ji komai naka."

Bas bai kai ƙarshen titi ba Odang ya fara fitar da keji.

Kwana biyu yana bin shaguna yana roƙon kwalin ƙwai. Ya tara ɗari biyu da goma sha biyu, ya manne su a bango da rufi, ya jingina katifar baƙi a bayan ƙofa. Ɗakin ya ɗauki warin akurki, amma Odang ya ce warin ƙwarewa ne. Sai ya kira Bi Onah, maƙwabciyar da bangonsu ɗaya, mai soya ayaba a ƙofar gida.

"Bi, ki tsaya a ɗakinki. Zan shiga in kurma ihu da duk ƙarfina. Ko sauro ba za ki ji ba."

Ya shiga, ya rufe, ya yi abin da zai yi, ya fito yana murmushi.

"To, Bi? Kin ji wani abu?"

"Na ji. Cewa ka yi, gwaji, gwaji, Bi Onah ta cika gulma, man suyarta ya girme ni."

"Ai wannan... kalmomin gwaji ne, haka ake yi a ko'ina."

"To ni ma zan gwada mai mai zafi a kan zankonka, mu ga ko haka ake yi a ko'ina."

Ranar farko ta naɗa, gangunan Entis suka ƙi shiga. Aka cire katifa, aka shigar da rabi, babbar ganga ta tsaya a bakin ƙofa kamar saniya ta leƙo. Da aka lallaɓa ta ta shige, shi Entis ya rasa inda zai sa gwiwa. Suka buga waƙar farko daga farko har ƙarshe, gumi na zuba, Odang ya ce tarihi ya kafu. Da ya juya ga kwamfuta sai ya ga bai danna jan maɓalli ba.

A karo na biyu ya danna. Ya rungumi jita, ya kai baki ga makirfo, leɓensa ya taɓa ƙarfe, wuta ta fizge shi. Ihun da ya yi ya fi duk wanda ya taɓa yi a dandali.

"Wannan ya yi kyau, Dang," in ji Entis. "Ka ƙara irinsa."

"Wayar ƙasa ce babu," Odang ya ce, leɓe a kumbure. "Ƙaramin abu ne ga wanda ya sani. A ɗaura waya a ƙusa, a kafa ƙusa a ƙasa, wutar banza ta gangara. Miƙo guduma."

Ya zaɓi wuri a gindin bango, ya ɗora ƙusa mai tsawon ɗan yatsa, ya ba ta uku masu kyau. A na ukun ƙasa ta yi tsaki, ruwa ya yi tsiri har rufi. Bututun gidan ne. Kafin a gano inda ake rufe famfo, kwalin ƙwai ɗari biyu da goma sha biyu sun jiƙe sun fara saukowa ɗaya bayan ɗaya, suna faɗowa a kan ganguna kamar kunu. Ipah ta fito daga wanka da kumfa a rabin kai.

"Kang, wane ne ya kashe ruwa?"

"Ba kashe shi aka yi ba, hanya ya canza."

Aka yi kwana huɗu ana shanya situdiyo a kan igiya, lungu duka na kallo. Odang bai karaya ba. Ya ce ɗakin ya ma fi daɗin sauti da ɗan danshi.

Sai aikin Haji Sobur. Odang ya isa gidan da hantsi, zanko a tsaye, makirfo a ɗaure a kan sandar tsintsiya. Tsuntsun Haji na tsakiyar waƙa ya hango wani baƙin abu mai kai kamar maciji yana nufo shi, a bayansa kuma ga ƙaton zakara mai riga. Ya faɗo ƙasan keji yana fuffuka.

"Kai! Ja da baya!" Haji ya daka tsawa. "Tsuntsun nan ko gwamna ya zo sai ya yi sallama. Cire safar nan. Rufe kan nan."

"Pak Haji, gashin nan ba ya lanƙwasuwa sai an jiƙa."

"To a jiƙa."

Aka jiƙa. Aka yafa masa tsohon mayafin matar Haji, aka tsugunar da shi bayan tukunyar fure. Awa uku yana nan, tururuwa na hawa ƙafarsa, kafin tsuntsun ya yafe masa ya yi waƙa. Ya samo daƙiƙa arba'in, da tarin Haji a ƙarshe. Ya yanke tarin, ya sa muryar tana zagayowa, kuma a yi masa adalci, wannan ɗan guntun ya fita tsaf.

Da a nan ya tsaya, da yau ɗakin nasa ne.

Damina ta kankama, wata kyanwa kuma ta fara zama a kan katanga tana duban kejin Guntur da idon ciniki. Odang ya sauke kejin daga baranda ya rataye shi a kusurwar situdiyo, daidai saman amfilifaya.

"Kang," Ipah ta ce, "Abah ya ce kada ya ji komai naka."

"An lulluɓe shi. Tsuntsu in an rufe shi da zane, barci yake."

"Ni in na rufa da zane ina jin munsharinka."

"Ke ba tsuntsu ba ce. Ki bar wa masu ilimi."

Da safe Guntur na jin tsuntsun Haji kamar raɗa, yadda aka ce. Da rana kuwa, daga ɗaya da kwata, bayan an fito masallaci, zuwa uku saura kwata, kafin ruwa ya fara dukan kwano, Entis kan jingine amalanke ya shigo. Waƙa ɗaya suka sa a gaba, mai suna "Motar Shara Ba Ta Zo Ba", tsawonta daƙiƙa arba'in da bakwai. Entis ya haɗa sanduna sau huɗu, lasifika ta yi ƙara mai tsini, Odang ya kwarara ihu, su ruga a guje. A daƙiƙa ta ashirin, kullum a wuri ɗaya, hannun Entis sai ya koma bugun da yake kiran masu sayen bakso da shi, komai ya watse.

"Tis! Ganga ce a gabanka, ba kwanon miya ba!"

"Hannun ne ya saba, Dang. Shi ke ciyar da ni."

"Daga farko!"

Sau sittin da uku. Ba ƙiyasi ba ne, Bi Onah ta ja layi da gawayi a bangonta duk lokacin da aka sake, kuma layukan suna nan.

Wata safiya a mako na takwas Ipah na yanka albasa ta ji tak, tak, tak, tak daga ɗakin baya, sai ƙara mai tsini. Ta ajiye wuƙa a fusace.

"Kang! Tun da safe? Mutane ba su karya ba!"

"Me na yi?" Muryar Odang ta fito daga banɗaki.

Suka haɗu a bakin ƙofar situdiyo, shi da tawul, ita da rabin albasa. Ba kowa a ciki. Amfilifaya a kashe. Daga ƙarƙashin zanen keji, a hankali, kamar mai gwada sabon takalmi, aka sake: tak, tak, tak, tak.

Ipah ta zauna a kan babbar ganga. "Shi ke nan. Ka kashe Abah."

Odang ya matsa kusa da kejin. Abin takaici, kuma dole a faɗa, abin da ya fara bayyana a fuskarsa ba tsoro ba ne. Sai da Ipah ta jefe shi da albasar ya dawo hayyacinsa.

"Kwantar da hankalinki. Wannan matsalar na san ta tun ina yaro. Kaset in ka naɗi abin da ba ka so, me kake yi? Ka naɗa wani a kai. Sabo ya hau, tsoho ya goge."

"Tsuntsu ne, Kang, ba kaset ba."

"Duk abin da ke ɗaukar sauti hanyarsa ɗaya."

Ya ƙure murya, ya sakar wa Guntur tsuntsun Haji ta babbar lasifika daga safe har la'asar. Daƙiƙa arba'in, ta zagayo, daƙiƙa arba'in, ta zagayo. Kyanwoyin unguwa bakwai suka jeru a kan katanga suna neman tsuntsun da ya kai girman akuya. A rana ta biyu Bi Onah ta zo da matar mai unguwa, suka tsaya a ƙofa hannu a ƙugu, har sai da aka kashe.

Sai ya koma mataki na biyu. Ya rufe ɗaki, ya hana kowa motsi, ya naɗi shiru na minti goma. Ya sa wa Guntur shi, yana zagayowa, kwana uku.

"Me kake sa masa?" Ipah ta tambaya. "Ban ji komai ba."

"Shiru ne. Gogewa ta ƙarshe."

"Ka kunna sifika don ta yi shiru? Da ka kashe ta fa?"

"Wancan shirun gida ne. Wannan na situdiyo ne."

Ko don gajiya, ko don mamaki, Guntur ya kama bakinsa. Odang ya sanar a wurin shan kofi cewa ya ƙirƙiro hanyar wanke tsuntsu, kuma zai rubuta littafi a kai.

Abah ya dawo ranar Alhamis, saura kwana uku gasar. Ko jaka bai ajiye ba ya nufi keji, wanda aka riga aka mayar baranda. Ya ɗaga gefen zane. Gashi ya cika, baƙi na sheƙi, wutsiya ta ƙara tsawo. Guntur ya dube shi, ya karkata kai, ya zubo muryar tsuntsun Haji a hankali, tsaf, ba ko gargada. Idon tsohon ya kawo ruwa.

"Dang," ya ce, ya dafa kafaɗarsa. "Na zalunce ka a zuciyata. Ka yafe mini, ɗana."

"Ba komai, Abah. Mu masu fasaha mun saba."

A kicin Ipah ta tare shi. "Ka faɗa masa."

"In faɗa masa me? An goge."

"To. Ni dai ranar Lahadi takalmin gudu zan sa."

Ranar Lahadi filin gasa ya cika tun ƙarfe tara. Keji sittin a rataye a ƙarƙashin rumfa, kowanne da lambarsa, alƙalai shida na zagayawa a ƙasa da ƙananan tutoci a hannu. Masu tsuntsaye na bayan shingen ƙarfe suna fito, suna tafi, suna kiran sunayen tsuntsayensu kamar masu kiran yaro daga tsallaken kogi. Guntur ne lamba ashirin da bakwai, a tsakiya. Tsuntsun Haji Sobur na ashirin da takwas. Entis ya kafa amalankensa a bakin fili. Odang ya ƙara gam, zankon ya kai tsawon tafin hannu.

Aka yaye zannuwa. Guntur ya buɗe wutsiya, ya sunkuya, ya ɗago, ya saki murya. Sai da filin ya juyo. Muryar tsuntsun Haji ce, amma ta fi ta mai ita kauri da tsawo. Alƙali ɗaya ya tsaya a ƙarƙashinsa, na biyu ya zo, na uku ya zo. Abah ya riƙe shinge da hannu biyu.

"Aikina ne," Odang ke gaya wa na kusa da shi. "Ni na shirya shi. In kana da tsuntsu ka kawo, amma akwai layi."

Murai kuwa in ya ga abokan hamayya sun kewaye shi, jini ya hau, ba ya ɓoye komai. Duk abin da ke cikinsa sai ya zazzage. A minti na shida Guntur ya tsaya cak, ya gyara tsayuwa a kan sanda.

Tak, tak, tak, tak.

Sai ƙara mai tsini, wadda ta sa babban alƙali ya toshe kunne da tuta. Sai wani ihu mai kaushi da ba a taɓa jin ya fito daga maƙogwaron tsuntsu ba. Sai gudu, gudu, gudu. A daƙiƙa ta ashirin ya yi tuntuɓe, ya buga kiran masu sayen bakso, ya yi shiru. A bakin fili kwano ya suɓuce daga hannun Entis. Guntur ya girgiza gashi, ya koma daga farko.

Tsuntsu hamsin da tara suka yi tsit, suka karkata kai gefe guda. Kuma duk wanda ke bayan shingen nan ya san me wannan shirun yake nufi.

"Suna sauraro!" wani ya kurma ihu. "Jama'a, suna ɗauka!"

Haji Sobur, mai shekara sittin da takwas da ciwon gwiwa, shi ya fara tsallake shinge, zani a tattare. Sauran suka biyo baya kamar an buɗe dam. Kowa da zanen lulluɓi a hannu, kowa na neman kujerar takawa, ana ture alƙalai, ana taka tutoci. Wani ya lulluɓe kejin da ba nasa ba, mai shi ya shaƙe shi. Wani ya cusa keji a cikin rigarsa ya ruga. Guntur na sama yana zagaye na huɗu.

"Aljanu ne!" in ji wata mata.

"Gyare mai guba aka ba shi!"

"Tsohon ne ya shirya, don ya lalata mana tsuntsaye!"

Abah na tsaye inda yake, cikin masu tsuntsaye shi kaɗai ya rage a bayan shinge. Har zuwa wannan lokaci ba wanda ya dubi Odang. Ipah ta damƙe bayan rigarsa da hannu biyu.

"Kang, ka yi shiru. Don girman Allah, sau ɗaya a rayuwarka, ka yi shiru mu tafi gida."

Kuma ya yi. Ya haɗiye, ya sunkuyar da zanko, har ya juya zai bi ta. Sai ɗaya daga cikin alƙalan, wani mai tsohon hujin ɗan kunne, ya ɗaga hannu yana dariya.

"Ba aljanu ba ne, jama'a! Na san wannan. Kiɗan pank ne. Kuma ba laifi, yana da zafi. Irin na mutanen Jakarta ne, can tsuntsun ya ji kaset ɗinsu."

Rigar ce kawai ta rage a hannun Ipah.

Odang ya haye teburin kofuna, ya fizge makirfo daga hannun mai sanarwa. Lasifikar fili ta yi ƙara mai tsini, Guntur ya amsa mata daga sama.

"Jakarta? Wace Jakarta? Waƙata ce! Ni na rubuta ta, ni Odang, a nan Bandung, a bayan gidan Abah Sukanda! Sunanta Motar Shara Ba Ta Zo Ba! Sau sittin da uku muka buga ta, tsuntsun nan na rataye a kan amfilifayata, ga Entis can ku tambaye shi! Tuntuɓen nan da kuka ji ma nasa ne, ba nawa ba!"

Entis ya riga ya kai kwanar titi da amalanke.

Filin ya yi shiru, shirun gaske, ba na situdiyo ba. Mutum hamsin da tara, kowanne rungume da keji, suka juyo suka dubi mutumin da ke tsaye a kan tebur ba riga. Sai a lokacin Odang ya hango surukinsa.

"Abah... ai na goge."

Abah ya saki shinge. Ya zagaya ta ƙofa, don shi ba ya tsallake shinge. Ya taka kujera, ya sauke kejin lamba ashirin da bakwai, ya lulluɓe shi a hankali, ya fita. Abin da ya sami Odang bayan fitarsa, zankon ne ya fi jin jiki, kuma sai da 'yan kwamiti huɗu suka raka shi har bakin lungu.

Da la'asar Abah ya sa aka fito da komai tsakar gida: jita, amfilifaya, kwamfuta, makirfo da safarsa. Ya sa aka ɓamɓare kwalin ƙwai aka wanke bango. Sannan ya shiga da kansa ya rataye Guntur a tsakiyar ɗakin, ya ajiye ƙaramar kujera a ƙasa.

"To ni a ina zan naɗi faifaina, Abah?" Odang ya tambaya, da ƙyallen ruwan sanyi a goshi.

"Ka riga ka naɗa. Har ya fita kasuwa." Abah ya nuna kujerar. "Shekara ashirin da biyar kana neman mai sauraronka, ka samu guda ɗaya. Daga gobe, bayan asuba, nan za ka zauna. Ka kunna masa tsuntsun Haji kamar raɗa, ka ba shi gyare, ka rufe bakinka. Ba fito, ba tari, ba kaɗa ƙafa."

"Har yaushe?"

"Har ya manta da kai."

Wata biyar ke nan ana wannan zama. Hukuncin gida ya yi daidai, ba mai ja. Na fili ne bai yi ba. Kwamitin gasa ya dakatar da Abah Sukanda shekara guda, mutumin da ko shinge bai tsallake ba, alhali mai laifin ya amsa da bakinsa a gaban mutum ɗari uku. Tsuntsaye goma sha ɗaya a gundumar nan, har da mai kofi uku, yanzu sai sun ƙwanƙwasa sau huɗu kafin su fara waƙa, kuma ba a bai wa ko ɗaya daga masu su haƙuri ba. Abin da ya kamata a bayyane yake. A ɗage wa Abah takunkumi. Odang ya rubuta takardar ban haƙuri da hannunsa, a duba ta a cire duk inda ya yabi kansa, a karanta abin da ya rage a filin gasa ranar Lahadi.

Amma wani ya karanta. Kada a kuskura a ba shi makirfo.